SHARHI: Tsuntsaye na shirin ƙaura, kachala na cin fadama: har yaushe gayya za ta riƙe dausayin Haɗeja da Nguru?

Daga ƙarshen watan Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ya fara yayewa, zafin bazara ya fara leƙowa, dausayin Haɗeja da Nguru yakan shiga wani yanayi da ba kasafai yake shiga kanun labarai ba. Dubban tsuntsayen da suka shafe watanni suna kiwo a tafkuna da fadamun da ke tsakanin Jigawa da Yobe sukan duƙufa cin abinci babu kama hannun yaro, suna tara kitsen da za su ƙetare Sahara da shi. Cikin 'yan makonni za su sauka a Turai da yammacin Asiya, inda sanyi ya fara lafawa, itatuwa suka fara toho, su yi sheƙa su ƙyanƙyashe.

A cikin waɗannan watanni na rani ne kuma ruwa yake ja da baya, har mutum ya iya tsayawa a cikin wasu magudanan. Shi ya sa a ƙauyukan da ke bakin kogi a Guri da Kiri Kasamma da Nguru da ƙasar Bade ake kiran gayya. Masunta da manoma su fito da lauje da adda da kwalekwale, su shiga ruwa, su yi ta yankan ciyawar kachala domin buɗe wa kogi hanya kafin damina. Mafi yawansu ba su da albashi a kan wannan aiki, ba su da takalman ruwa, kuma babu wanda zai biya musu kuɗin magani idan maciji ya sare su.

Abubuwan nan biyu suna da alaƙa. Ruwan da tsuntsun yake buƙata domin ya yi guzuri shi ne ruwan da masunci yake buƙata domin ya jefa koma, shi ne kuma wanda manomin shinkafa yake jira ya malala gonarsa sannan ya janye. A yau, babban abin da ya hana wannan ruwa toshewa gaba ɗaya shi ne ƙarfin damtsen 'yan sa-kai. Matsalar ita ce ciwon da suke jinya an samo shi ne daga madatsun ruwa masu nisan ɗaruruwan kilomita daga ƙauyukansu, kuma maganinsa yana hannun hukumomin da suka fi shekara talatin da sanin abin da ya kamata a yi.

Abin da ke cikin dausayin

Dausayin ya samu ne a inda kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke ratsa tsofaffin tuddan rairayi, su rarrabu gida-gida, kafin su haɗe kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Kogin Haɗeja kaɗai yakan rabu zuwa rassa da suka haɗa da mashigar Marma, wadda ke cika tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohuwar hanyar kogin. An kiyasta mutum kimanin miliyan ɗaya da rabi ne ke ci daga wannan yanki: Badawa da Hausawa da Mangawa da Fulani, masu noman shinkafa da alkama da tattasai, masunta, makiyaya, masu sarar kaba, da masu haƙar kanwa.

Ta fuskar tsuntsaye, masana sun lissafa fiye da nau'i 370 a yankin. Akwai na gida da kowa ya sani, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela. Akwai kuma baƙi masu zuwa da kaka su tafi da bazara: ƙananan agwagin daji masu taruwa dubu-dubu a tsakiyar tafki, da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke tsintar ragowar shinkafa a gonakin da aka girbe, da 'yan ƙananan tsuntsaye masu ruwan ɗorawa a ciki da ke bin sawun shanu suna cin ƙwari. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da aka yi a watan Janairun 1997 ta gano fiye da 320,000 a yankin.

Wannan arziki ne ya sa tafkin Nguru da mashigar Marma, mai faɗin hekta 58,100, ya zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da tafkin Dagona da dausayin Baturiya. Dagona, wadda ke ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, ta taɓa yin sunan da har Yarima Philip na Birtaniya ya ziyarce ta a 1989. Sai dai suna ba ya hana ɓarna. Gauraka, wadda ake yi wa kallon tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, ta kusa ɓacewa daga ƙasar baki ɗaya.

Me ya haɗa Nguru da bazarar Turai?

Tsuntsun da ya tashi daga Nguru ya nufi arewa yana da hamada mai faɗin kusan kilomita dubu biyu a gabansa, kuma a mafi yawan hanyar babu ruwa babu abinci. Dausayoyin Sahel, wato na kogin Senegal, da na tsakiyar kogin Neja a Mali, da Tafkin Chadi, da na Haɗeja da Nguru, su ne zango na ƙarshe. Wasu daga cikin ƙananan tsuntsayen sukan kusa ninka nauyinsu kafin su tashi. Wanda bai samu isasshen abinci ba a watan Maris, ko dai ya mutu a hanya, ko ya isa a makare kuma a rame, ya rasa wurin sheƙa.

Turawa sun gane haka ne ta hanya mai ɗaci. A bazarar 1969, masu lura da tsuntsaye a Birtaniya sun tarar cewa fiye da kashi biyu bisa uku na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a shingayen gonakinsu bai dawo ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa farin da ya afka wa Sahel a 1968 ne ya halaka su. Haka aka sake gani a farin 1983 zuwa 1984 ga wani nau'in tsattsewa mai haƙa rami a gaɓar kogi. Tun daga nan aka tabbatar cewa yawan wasu tsuntsayen da ake gani a Ingila ko Holan a watan Afrilu yana bin yawan ruwan da ya malala a fadamun Afirka ta Yamma a daminar da ta gabata.

Wannan ne ya jawo ƙungiyoyin kare muhalli na duniya suka haɗa hannu da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, suka kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru a 1987. Shirin ya fara da tsuntsaye, amma ba a daɗe ba masu gudanar da shi suka fahimci cewa ba za a iya kare tsuntsu ba tare da an kare ruwan ba, kuma maganar ruwa magana ce ta siyasa.

Yadda kachala ta samu gindin zama

Kafin a gina madatsun ruwa, kogin Haɗeja yana da lokuta biyu. Da damina ya cika ya tumbatsa, ya malala fadamu a watannin Agusta da Satumba. Da rani kuma ya ƙafe, har a taka cikinsa da ƙafa. A kan wannan juyi aka gina rayuwar yankin baki ɗaya. Kifi yakan bi ambaliya ya hayayyafa a fadama, manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwa, idan ruwan ya janye ya shuka wake ko kayan lambu a kan danshi, makiyayi ya sauko da shanu bayan girbi, ruwan da ya nutse a ƙasa kuma ya cika rijiyoyi har can nesa da kogi. An kiyasta cewa a shekarun 1960 da farkon 1970 ruwa yakan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekara mai kyau.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, dukansu a Jihar Kano. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. An gina su ne domin noman rani a yankin Kura da Kadawa, da samar wa birnin Kano ruwan sha, daga baya kuma domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo. Tasirinsu a ƙasa ya zo ta fuska biyu. Ambaliyar damina ta ragu ƙwarai, har faɗin da ruwa ke rufewa ya sauko zuwa hekta 70,000 zuwa 100,000 a shekaru da dama. Sannan kogin ya daina ƙafewa da rani, domin ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara.

Wannan na biyun shi ne abin da kachala take so. Ciyawa ce da ke bunƙasa a ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, kuma kowane kai nata yana ɗauke da dubun dubatar iri da iska ke kwasa. A da, ƙafewar rani takan kashe ta, ƙarfin ambaliya kuma ya wanke abin da ya saura. Da aka cire waɗannan biyun, sai ta mamaye magudanai. Inda ta tsiro ruwa yakan rage gudu, laka ta kwanta, magudanar ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin tsirowa.

Sakamakon shi ne wani rashin adalci da ruwa da kansa yake yi. Da Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suka toshe, sai ruwa ya karkata zuwa Marma. Ƙauyukan da ke wannan ɓangare suka rasa gonaki saboda ruwa ya kwanta a kansu shekara da shekaru, na ɗaya ɓangaren kuma suka rasa gonaki saboda ruwa ya daina zuwa. Abin da ke isa Gashuwa daga kogin Haɗeja ya zama kaɗan, har kogin Yobe ya koma dogaro da Jama'are, wanda shi ma akwai tsohon shirin datse shi a Kafin Zaki da ke Jihar Bauchi.

Ɓarnar kachala ba ta tsaya a nan ba. A cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana su hayayyafa, su fito da safe su afka wa gero da shinkafa da alkama. Tana ɓoye sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ga mutane da ciwon hanta ga shanu. Ga tsuntsaye baƙi kuma, tana cinye buɗaɗɗen ruwa da bakin laka inda suke kiwo. Saboda haka manomi da masunci da makiyayi da tsuntsun da zai tafi Turai, duk abokin gabarsu ɗaya ne.

Gayya: ƙarfinta da iyakarta

Aikin gayya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Da shi ake noma gonar marar lafiya, da shi ake gyaran maƙabarta da yashe rijiya. Da magudanai suka fara toshewa, mutane ba su jira takarda daga Abuja ba. A farkon shekarun 2000, wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, mai suna JEWEL, ya taimaka wajen haɗa ƙauyuka da sarakuna da ƙananan hukumomi domin a riƙa yin aikin tare, kuma an ga ruwa ya koma wasu wuraren da ya daɗe bai je ba.

Mutanen yankin sun san dabarar aikin. Ƙona kachala ba ya kashe ta, domin saiwar tana ƙarƙashin laka. Sai an yanke ta a ƙasan ruwa, yadda ruwa zai shanye kututturen ya hana iska isa ga saiwa. Aiki ne na wuni guda a cikin ruwa mai kai wa ƙugu ko ƙirji, tare da matsattsaku da macizai da haɗarin tsargiya. Kuma idan ba a maimaita ba, cikin 'yan watanni ciyawar ta dawo.

Akwai wani rukunin 'yan sa-kai da ba a cika ambatonsa ba, wato masu ƙidaya. A kowane Janairu ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma a Najeriya ma'aikatan gandun daji da malaman jami'a da ɗalibai da matasan ƙauyuka ne ke yin ta. Tun daga 2015, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara kusan kacokan kan matasa masu fita da madubin hangen nesa da wayar hannu, ciki har da tawagar matasan arewa. Bayanan da suke tarawa suna cikin 'yan hujjojin da ake da su kan halin da dausayin yake ciki daga shekara zuwa shekara. Ƙasar da ta ga ɓarkewar murar tsuntsaye mai tsanani a 2006 tana da dalilin da ya wuce sha'awa na sanin abin da ke sauka a tafkunanta.

Amma gayya tana da iyaka ta fuskoki uku. Na farko, girman aikin ya fi ƙarfin lauje. Ƙauye zai iya buɗe kilomita ɗaya ko biyu, alhali magudanan da suka toshe sun kai gomman kilomita, kuma lakar da ta kwanta a ƙasa sai injin haƙa. Na biyu, wanda ya yi wahalar ba lallai ne shi zai ci moriyar ba. Ƙauyen da ya buɗe magudana yana iya aika ruwa ga na gaba da shi, wanda bai fito ba. Wani lokaci ma buƙatu sukan ci karo: masunci mai kafa dumba a tsakiyar magudana yana rage gudun ruwa, manomin da ya fasa gaɓa domin ya jawo ruwa gonarsa yana hana na ƙasa da shi. Sasanta irin wannan yana buƙatar hukuma mai iko da ta wuce ta dagaci ɗaya. Na uku, kuma mafi girma, matuƙar ana sakin ruwa daga Tiga da Challawa yadda ake saki yanzu, duk abin da aka yanke zai sake tsirowa.

Can inda tsuntsayen suke sauka

Yana da amfani a duba yadda aikin sa-kai yake a ƙasashen da waɗannan tsuntsaye suke nufa. A Birtaniya, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda aka kafa a 1889, tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya masu biyan kuɗi da 'yan sa-kai fiye da dubu goma. A gandunanta, irin su Minsmere da ke gabashin Ingila, watannin sanyi lokacin aiki ne: a yanke ciyawar ruwa, a sare ƙananan itatuwan da ke neman cinye dausayi, a gyara hanyoyi da shingaye. Ana gaggawar gamawa kafin Maris, domin dokar ƙasar ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu da ake amfani da ita. Da zarar bazararsu ta shigo, sai a ajiye adda a ɗauki littafin ƙidaya.

An ga amfanin hakan. Akwai wani nau'in zalɓe mai ɓuya a cikin ciyawar ruwa, wanda ake ƙidaya mazansa ta hanyar gurnanin da suke yi da asuba a farkon bazara. A 1997 maza 11 kacal aka ji a duk faɗin Birtaniya. Bayan shekaru ana gyaran dausayoyi, adadin ya haura 200.

Kuskure ne a ɗauka cewa bambancin yana cikin kishin jama'a. Ɗan sa-kan Ingila yakan ba da rabin wuni a mako daga lokacin hutunsa, yayin da masuncin Nguru yake ba da ranar da zai nemo abincin iyalinsa. Bambancin yana cikin abin da ke bayan ɗan sa-kan. A can akwai ma'aikaci mai albashi da ke tsara aikin, akwai kayan aiki da inshora, akwai rubutaccen tsarin kula da gandun, kuma mafi muhimmanci, masu kula da wurin suna da iko a kan ƙofofin da ke ƙara ruwa ko rage shi. Aikin sa-kai ƙari ne a kan tsarin da yake tsaye. A Haɗeja da Nguru, an bar shi ya zama madadin tsarin.

Takardu sun yi yawa, ruwa bai sauya ba

Ba za a ce gwamnati ba ta san matsalar ba. Tun farkon shekarun 1990, binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama yana samar da amfanin noma da kifi da itacen girki da ya ninka sau da yawa abin da ruwa mai yawan haka yake samarwa a aikin noman rani na Kano. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina domin a kwaikwayi ambaliyar asali, a kuma rage saki da rani domin wasu magudanai su bushe.

A 2006 jihohi shida da ke cikin kwarin, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da tsarin kula da ruwan bai ɗaya tare da Gwamnatin Tarayya, suka kafa asusun amana, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 na shirin TRIMING domin gyaran ayyukan noman rani a arewa, kuma a ƙarƙashinsa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan hulɗarta na ƙasashen waje suka gwada sarrafa kachala ta zama abincin dabbobi da gas ɗin girki. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin jerin wuraren da take karewa, a shekarar ce kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kafa sababbin gandunan ƙasa goma, ciki har da na dausayin Haɗeja. A ƙarshen 2021 aka amince da wani bashin na dala miliyan 700 na shirin ACReSAL domin farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa.

Duk da wannan jerin, sai da ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa kuma Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa illa, ta sa aka ga an tashi tsaye wajen yashe kogin Haɗeja da injuna masu shiga ruwa. Wannan ci gaba ne, kuma ya nuna cewa idan an so ana iyawa. Amma ya kuma nuna salon da aka saba: a jira bala'i, a kawo inji, a ɗauki hoto. Yasar kogi ba tare da sauya tsarin sakin ruwa ba gayya ce mai tsada.

Dalilin jan ƙafar ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke riƙe da makullin madatsun, an kafa ta ne domin bunƙasa noman rani, kuma da shi ake auna nasararta. Manoman Kura da Bunkure da Auyo suna da haƙƙi na gaskiya a kan ruwan, haka ma miliyoyin mazauna Kano da ke sha daga gare shi, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe musu famfo saboda agwagwa. Sai dai muryarsu ta fi kusa da kunnen masu mulki fiye da ta masuncin da ke ƙarshen kogi, a wata jihar daban. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa na ƙasa, wanda aka ce zai tsara irin wannan rabo, ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya saboda zargin cewa zai ƙwace ikon jihohi. Ko me mutum yake gani game da ƙudurin, faɗuwarsa ta bar rikicin sama da ƙasan kogi ba tare da alƙali mai ƙarfi ba.

Tambayoyin da suka dace da wannan lokaci

Matasan da ke bibiyar siyasar arewa suna da abin yi a nan da ya wuce yabon 'yan gayya a Facebook. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumomin tarayya. Ana iya tambayar hukumar kogunan ta bayyana jadawalin sakin ruwa na Tiga da Challawa wata-wata, da ma'aunin da take bi. Ana iya tambayar jihohin shida nawa kowacce ta zuba a asusun amana, da abin da aka yi da shi. Ana iya tambayar Jigawa da Yobe nawa ne daga kasonsu na asusun kula da muhalli ya isa magudanan Marma da Burum Gana. Ana iya tambayar Hukumar Gandunan Daji ta Ƙasa ma'aikata nawa take da su a Dagona da Baturiya, da kuɗin da aka ware musu.

Su kuma 'yan sa-kan, abin da suke buƙata sananne ne kuma ba shi da tsada idan aka gwada da biliyoyin da aka ranto: kayan aiki da na kariya, maganin tsargiya da na sarar maciji a asibitocin kusa, alawus ga ranakun da suka bar sana'arsu, da kujera a teburin da ake yanke shawarar lokacin da za a buɗe madatsa. Idan aka samar wa kachala kasuwa, kamar yadda aka gwada yin gawayi da ita a kwarin kogin Senegal, yankanta zai iya zama sana'a. Haka nan duk wani sabon gandun ƙasa da za a killace, sai an yi shi da yardar waɗanda suka riƙe wurin lokacin da babu kowa. Manomin da ya ga an hana shi fadama saboda tsuntsu, alhali jan-baki na cinye masa gero babu mai agaza masa, ba zai zama abokin tsuntsu ba.

Zuwa ƙarshen Afrilu baƙin tsuntsayen za su gama tafiya, shamuwa ta iso daga kudu ta yi albishir da damina. Daga nan saura wata huɗu ruwa ya sauko daga Kano da Bauchi ya nemi hanya. Inda zai bi, da gonar da zai raya, da gidan da zai rushe, ana yanke hukuncinsu ne a watannin nan na rani, kuma a halin yanzu kusan dukan nauyin yana kan mutanen da ke tsaye cikin ruwa da lauje a hannu.